Rasuwar Shafin Mama Sifa

Cikin nauyin zuciya, Nasimiyu Barasa ta unguwar Kaptembwo a Nakuru, wadda aka fi sani da Mama Sifa saboda 'yarta Sifa, tana sanar da dangi, da maƙwabta, da matan coci, rasuwar shafinta na WhatsApp. Ya rasu ranar Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yana da shekara tara a duniya.

Marigayin ya rayu rayuwar hidima. Shi ya kai hoton Sifa na farko har garin Bungoma tun ba a yanke cibiya ba. Shi ke riƙe da ranakun rigakafi, da muryar maigida, Baba Sifa, daga kan hanyar Mombasa inda yake tuƙa babbar mota, da wa'azin suruka mai minti goma sha huɗu wanda ba a taɓa saurara har ƙarshe ba. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa "ƙil", wani lokacin "ƙil-ƙil" idan matan ƙungiya sun tashi da rigima. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba laifinsa ba ne: ƙofa ɗaya gare shi. Sau da yawa ya roƙi a saka masa ta biyu, wato lambar sirri da mai shi kaɗai zai sani, uwar ɗakinsa tana cewa sai ta samu sarari.

Jinyarsa gajeriya ce. Mama Sifa tana bayan kanta a kemis ɗin da take aiki, layi har waje, sai ga saƙo daga shafin shugabar ƙungiyar matan coci: "Ɗiyata, na tura miki wasu lambobi shida bisa kuskure, maido min da su maza." A ƙungiyarsu ba a tambayar shugaba dalili. Ta tura da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ƙirga ƙwayoyin zazzaɓi. Ba ta san lambobin su ne mabuɗin shafinta ba, ba ta kuma san shafin shugabar ya riga nata mutuwa tun daren Litinin ba. Marigayin ya yi "ƙil" na ƙarshe, ya rufe ido. Ita kuwa ta ɗauka sabis ne ya ɗauke.

Ƙarfe ɗaya saura kwata sai ga kiran Omosh, ɗan acaɓan da ke ɗauko Sifa daga makaranta kullum.

"Mama Sifa, korata kika yi ba sallama? Ko wani mai sabon babur ya ƙwace min ke?"

"Wace irin kora kuma, Omosh?"

"Ba ke kika rubuto kada in je yau ba, ƙaninki zai ɗauko ta?"

Mama Sifa ba ta da ƙani. Kuma ƙa'idar makarantar su Sifa sananniya ce: duk wanda uwa ta turo hotonsa ta shafinta, shi ake miƙa wa yaro. Ana tashi ƙarfe ɗaya daidai. Yarinyar shekararta huɗu, kuma kowa ya miƙo mata hannu binsa take.

Ta bar kemis a buɗe. Ta kira Malama Chebet, malamar ajin, layi a cike. Ta sake, a cike. Tana bayan Omosh tana kira, yana ratsa tsakanin motoci yana faɗin, "Riƙe ni da kyau, Mama, in kika faɗi mutum biyu zan nema." Sau goma sha ɗaya ta kira. Sun isa ɗaya da minti goma, ƙofa a buɗe, yara sun watse.

Sifa tana cikin aji, a kan ƙaramar kujera, tana lasar ragowar kunu a kofi.

"Ke nake ta kira, layinki a cike," in ji Malama Chebet. "Hoto ya zo daga lambarki, mutumin ya zo, har sunan 'yar tsanarta ya sani. Na ce masa ƙa'idar hoto ta shugaban makaranta ce, ni sai na ji muryar uwa. Ya yi dariya, ya ce bari ya sayo ruwa. Ban sake ganinsa ba."

Iyalai suna miƙa godiya ga wannan baiwar Allah, wadda ba a biya ta don ta yi taurin kai ba, ta yi.

Marigayin ya bar hotuna dubu uku da ɗoriya, da ƙungiyoyi goma sha bakwai, da mata ɗaya da ba ta iya cin abinci tun ranar. Ana sanar da jama'a cewa gawar ba ta hannun iyali. Wanda ya kashe shi ya saka masa ƙofar nan ta biyu da lambarsa, don haka sai an jira kwana bakwai kafin a karɓo shi. Kafin nan yana yawo, yana gaisuwa, yana kiran mutane da sunayensu na gida. Duk wanda ya ji "ƙil" daga gare shi, kada ya amsa. Ba Mama Sifa ba ce. In ana nemanta a kira ta, a ji muryarta.

Ana zaman makoki kullum da ƙarfe biyar na yamma a tsakar gidan hayarsu, akwai shayi da mandazi, ɗan'uwan fanke. Kowa ya zo da wayarsa a cike da caji. Ba za a ba mutum kofi ba sai ya zauna kusa da mai makoki, ya shiga saituna, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya zaɓi lambar da ba shekarar haihuwar ɗansa ba. An keɓe wa shugabar ƙungiya kujerar farko, kuma a wannan karon za a yi mata tambayoyi.

Jana'iza ranar Laraba mai zuwa, da zarar an sako gawa. Mama Sifa za ta kwashe hotunan 'yarta, sannan ta goge shi da hannunta. Ba a buƙatar furanni. A bakin ƙofa, inda aka saba kafa hoton mamaci, za a kafa hoton mutumin da ya je ɗaukar Sifa, mai shuɗiyar jaket da tabo a gira ta hagu. An kai wa 'yan sanda kwafi, ba a same shi ba tukuna. Ana roƙon kowane mai ta'aziyya ya tsaya ya dube shi da kyau kafin ya shiga.