Ƙeyar Uban Nakasassu

Duk kwalejin horar da masu wa'azin nan babu mai taushin zuciyar shugaban sashen tauhidi. Shi ya rubuta littafi guda a kan darajar jikin ɗan Adam, shi kuma ya raɗa wa kansa Uban Nakasassu, don kada a wahalar da mutane wajen neman suna. Ka ce "makaho" a gabansa, kafin ka rufe baki ya zaro hankici.

Sai Allah ya kawo masa ɗaliba kurma. Zazzaɓi ya tafi da jinta tana budurwa. Tana magana, tana kuma gane ta mutane in ta kalli leɓɓansu. Abu ɗaya ta roƙa: in zai yi bayani, ya fuskanci aji.

"'Yata, ba kunne ke ji ba, zuciya ce," in ji shi.

To, Malam mutum ne da in ilimi ya motsa masa sai ya juya taga, ya goya hannu, ya yi wa gajimare bayani. In ya waiwayo, hankici na bisa baki, yana kukan halin da kurame ke ciki. Ita kuwa tana layin gaba, inda ya dasa ta don ya riƙa nunawa: "Ku dubi baiwar Allah, ku yi tunani!"

Ranar jarrabawar baka, wadda in ta faɗi sai ta maimaita shekara, ya jefa mata tambaya yana kallon taga. Ita kuwa ba ta ma san an fara ba. Ya kayar da ita, ya ce ilimi ba ya son sangarta. Wallahi ban taɓa ganin rashin kunya mai hawaye irin wannan ba.

Ranar yaye ɗalibai 'yan ajinta suka karɓi shaida, ita aka zaunar da ita kusa da manyan baƙi a matsayin hujjar tausayin Malam. Wata baƙuwa ta dube ta ido cikin ido, ta tambaya a hankali:

"Ƙanwata, me kika ƙaru da shi a wurin Malam?"

Ta amsa da ƙarfi, don ba ta jin muryarta, kuma lasifika na kusa:

"Ƙeyarsa dai na haddace, Yaya. In ya juyo wata rana, sai mu fara karatu."