Rasuwar Malam Waigi, Mai Tare Tayar Motar Abban Najwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai in ce rabinta, don ɗaya rabin wallahi rawa yake yi, ni Raihana Maman Najwa, a madadin maigidana da ɗaukacin iyalansa na Yalwawa a cikin Dutse, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Malam Waigi. E, shi dai! Guntun itacen nan da muke cusa wa tayar mota don kada ta gangara. Ya rasu ranar Talata da hantsi a nan Miga, a ƙofar gidan Babanmu, yana tsakiyar aiki. Kuma gobe zan koma ɗakina! Amma ku tsaya, wannan a ƙarshe yake, bari in bi abin a tsare yadda masu sanarwa a rediyo suke yi.

Marigayi ɗan asali ne. Daga jikin turmin Hajiyar maigida ya fito, turmin kirya, da ya tsage aka sassaƙe gefe guda aka ba wa motar. Ya riga ni shiga gidan nan. Lokacin da Abban Najwa yake zuwa zance wajena, sai ya fara fitowa ya durƙusa ya gyara wa Malam Waigi zama a gindin taya, sannan ya yi mini sallama. Ban taɓa jin haushi ba. Na san ba don shi ba, da motar ta daɗe da komawa Dutse ita kaɗai.

Kowa ya shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa neman gyara ba. Birkin hannu ya yi ritaya tun kafin aurenmu, na ƙafa kuma sai an lallashe shi, an taka an sake takawa, sannan ya tuna aikinsa. Marigayi shi ya ɗauki nauyinsu duka biyu bai yi ƙorafi ba. Maganarsa guda ce a duniya: ƙum! in taya ta jingina da shi. Da shi ake buga kan batir in mota ta ƙi tashi, a kansa na fasa goriba, kuma a gangaren nan na hanyar asibitin awo, ni da cikina niƙi-niƙi nake sauka in saka shi, mata suna yi mini sannu.

Ga yadda ajali ya zo. Kun san haihuwar fari ce, a Miga na yi jego. Na yi arba'in lafiya, na ɗaure kayana, Abban Najwa ya zo ɗaukarmu. Innata tana leƙe ta jikin zana ta ga yadda ya tsaya. Ta ga ya wuce ƙofar gida, ya wuce rijiya, sai wajen turken tumaki motar ta yarda. Kun san Inna ba ta yi wa suruki magana kai tsaye. Sai ta dubi akuyarta ta ce, da ƙarfi yadda zai ji, “Ke 'yar baƙa, in kin ga mai motar nan ki gaya masa jikata ba ta shiga abin da sai an jefa masa itace yake tsayawa.”

Ni kuma ta juyo ta ce, “Kwance kayanki. Tunda kina nan, wanka bai ƙare ba.”

Jama'a, wanda bai san wankan Inna ba, bai san zafi ba! Rabin duro take ɗorawa a gefen gida, ruwa ya tafasa da ganyen darbejiya, ta fyaɗa miki har ki ga taurari da rana tsaka, ki fito kuma ga kunun kanwa kwano guda yana jiranki. Duk ranar da birki bai gyaru ba, ni ake dafawa safe da yamma. Don haka da Abban Najwa ya ce iska ce ta shiga birkin, cire ta za a yi, amma sai da mai taka feda, ban jira ya nemo kowa ba. Na miƙa wa Inna Najwa, na yafa mayafi na shige mazaunin direba.

Shi yana ƙarƙashin mota da sifana, ni ina sama. Sai ya ce, “Taka! Taka! Riƙe!” Ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, man birki ya tsarto fiiit da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce, “Saki!” Haka muka zagaye tayoyin. Ya fito yana goge hannu yana murmushi, ya ce in taka in ji. Na taka. Na ce, “Abban Najwa, kamar na taka burodi.” Ya ce ƙafata ce ba ƙarfi, jego ne. Ya shiga da kansa don ya nuna mini.

Ya ja baya, ya taho a hankali, ya taka. Na ga fuskarsa ta sauya ta cikin gilashi. Motar ta ci gaba da tahowa abinta, ba sauri ba tsayawa, ta nufi duron Inna da ke kan wuta. Baffa Uwaisu, ƙanin Babanmu, yana zaune a dakali, marigayi yana kusa da ƙafarsa inda aka ajiye shi. Shi kuwa Baffa ya yi yaron babbar mota da ƙuruciyarsa, hannu bai manta ba. Ya sure shi ya cilla gaban taya. Muka ji ƙum! yadda ya saba. Sannan muka ji ƙaras! wanda bai taɓa cewa ba. Mota ta tsaya, tsakaninta da duro bai fi tafin hannu ba. Malam Waigi ya rabe biyu.

Ya ba da ransa ya ceci duron wankana. Wannan kaɗai nake riƙe da shi a zuciya, amma na yafe masa.

Abban Najwa ya daɗe tsugune yana haɗa ɓarin biyu yana rabawa. Har ya tambaya ko akwai ƙusa a gidan. Baffa ya ce, “Malam, ba ƙusa za ka nema ba. Mai rufa maka asiri ya tafi, yanzu sai ka nemo ciwon da gaske.”

Suka duƙufa su biyu. Da farko suka ga ɗan kofin man birki da ke gaban mota ya ƙafe ƙaf, ashe muna cire iska ta ƙasa wata tana shiga ta sama. Aka cika, aka sake, wannan karon daga tayar baya mai nisa da direba. Burodi ya koma tuwon shinkafa, amma dai tuwo ne. Na sha wanka. Washegari suka bi ko'ina suna neman inda mai yake yoyo, babu. Suka matse birkin baya, har birkin hannu ya farfaɗo daga ritaya. Feda tana nan luguf. Na sha wanka. Wani bakanike a Jahun ya ce ta waya masta ce, wato famfon da ke tura man birki, a sayo sabuwa. Baffa ya ce in taka in riƙe tukuna, in masta ce za ta riƙa nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafata. Na riƙe har cinyata tana rawa, ba ta nutse ba.

Ina cikin riƙewar nan sai na ji Abban Najwa daga ƙasa yana cewa, “Saki! Sake takawa! Baffa, zo ka ga ikon Allah!” Ashe tiyon roba mai kai wa tayar gaba mai ne ya tsufa. In na taka sai ya kumbura kamar wuyan kwaɗo, in na saki ya sace. Duk ƙarfin ƙafata a cikinsa yake ƙarewa. Na leƙo ta taga na ce, “Abban Najwa, jego ne?” Ya sulale daga ƙarƙashin mota. Ya hau ɗan sahu zuwa kasuwar Jahun ya sayo sabo, aka ɗaura, muka sake taka-riƙe-saki. Na taka. Dutse! Wallahi kamar na taka dutsen garinmu!

Inna ta fito da kanta, ta ja layi a ƙasa da muciya, ta koma gefe. Mota ta taho ta tsaya cak kafin layi. Ta ce wa akuya, “A sake.” Aka sake. Ta ce, “To. Gaya masa Allah ya kiyaye hanya.” Na yi guɗa har Najwa ta farka!

Marigayi ya rasu ya bar jak mai gurguwar ƙafa, sifana biyu, jarkar ruwan lagireto, igiyar da ke ɗaure but, da tayar safaya wadda ita ma tana kwance ba iska, a sa ta a addu'a. Ya bar maigida wanda har yanzu in ya tsaya da mota sai ya miƙa hannu ƙarƙashin kujera, ya ji wayam.

Game da jana'iza, babu salla tunda itace ne. Ni na so a kai shi Yalwawa a ajiye a kan kabad don tunawa. Na je ɗauka na tarar Inna ta riga ni, ta jera ɓarin biyu a gindin duro. Ta ce kirya ce, ba itacen da ya kai ta wuta, ba za ta bari a yi asararta ba, kuma 'yarta ba ta komawa ɗakin miji da sanyi a jiki. Saboda haka za a yi bankwana da Malam Waigi gobe da sassafe a murhun Inna, kuma ni ce zan shiga ruwan da ya dafa. Ya ceci duro, ga shi zai hura masa wuta. Yafiyar da na yi ɗazu, ina sake tunani.

In na fito da fatata, za mu taso da hantsi. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu na Yalwawa bayan la'asar. Ku zo ku ga Najwa, ta yi kumatu, har ta fara dariya! Wanda zai yi wa Abbanta ta'aziyya ya daure kada ya yi dariya a gabansa, abin yana taɓa shi da gaske. Don Allah wanda ya karanta ya tura wa na gaba, a kira Anti Kubura ta Jahun a karanta mata tunda wayarta ƙarama ce, a ce mata ta fito bakin titi ta tsayar da mu. Yanzu muna tsayawa!