Bindigar Kwamanda

Duk ɗakinmu na unguwar Najma, a ƙasar waje inda muke ci-rani, mu shida masu gadi, babu wanda ya kai ni sanin bindiga. Ban taɓa riƙe ta ba, amma na kalli bidiyonta har wayata ta fara tsorona.

Lokacin korona, shugaban aikinmu ya ce mako mai zuwa za a raba wa masu tsaron ƙofa "gan". Da Turancina na gado na fassara wa 'yan ɗaki: bindiga! Na yi musu lacca cewa bindiga in ba fitila, sanda ce kawai. Na sayo tocilan da ake ɗaura mata, mai hasken makantar da ɓarawo tun daga garin Umm Salal mai nisa, da maɗaurin ƙarfe, da igiyar ratayawa. Har hoto na tura gida.

Ranar rabo, na tsaya ƙirji a gaba, aka miƙo mini farar robar auna zafin goshi.

Har aka gama gasar kofin duniya, kullum na dawo sai Sani, mai gadon samana, ya sara mini: "Sannu Kwamanda, yau goshi nawa ka harbe?"