Malam Nata'ala As Well As Lambatu

Duk wanda bai san Malam Nata'ala ba, to bai san Mandawari ba, kuma wallahi ya yi babbar asara. Allah Ya yi wa unguwar nan baiwar malamai da attajirai da maɗinka, amma mutum ɗaya tak Ya ba ta wanda ya taɓa yin kwana tara a Abuja wajen taron ƙara wa juna sani. 'Yan baƙin ciki suna cewa wai jakar maigidansa ya je riƙewa, wai a bakin ƙofar zauren taron yake wuni yana jiran a miƙo ragowar lemo. Mu dai ba mu ga wannan ba. Abin da muka gani shi ne ya dawo da kati mai igiya rataye a wuya, da tabarau marar magani, da wasu kalmomin Turanci guda uku da ya tsinto ta kafar ƙofa: as well as.

Kalmomi uku, amma sun fi ƙamus albarka! 'Yan makaranta sun ce ma'anarsu ba ta wuce "da kuma" ba. Malam ya ce ƙarancin ilimi ne ya sa suke faɗin haka, "da" ai ta talakawa ce. Tun daga ranar ya daina kiran kansa mai shagon fotokwafi na Ƙofar Na'isa, ya koma Darakta.

Da safe in ya zauna a teburin Lawal mai shayi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Lawal, haɗa min shayi as well as burodi as well as ƙwai biyu." A gida kuwa matarsa Jummai ta sha ji: "Kawo tuwo as well as miya," sai ka ce da can tuwon gaya take ba shi. Ko gidan rasuwa bai ƙyale ba. Ya durƙusa gaban masu karɓar gaisuwa, ya marairaice murya, ya ce, "Allah Ya jiƙansa as well as Ya ba ku haƙuri." Matan lungu suka sa masa suna Azuwalas. Da labari ya kai masa sai ya ji daɗi, ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa da "Na'am" mai tsawo.

Abin da ya fi burge mu shi ne, Malam in ya faɗi kalmar nan sai ya ji kunyar tsayawa, dole ya ƙaro wani abu a gaba. Ranar da Jummai ta aike shi sayen allura, ya ce wa mai tireda allura, bakinsa ya zarce, ya dawo gida da allura da tsintsiya da wata agwagwa mai ɗingishi.

To, lungun su Malam yana da ciwo guda, lambatu. Damina uku ke nan da ya toshe. Da an yi ruwa sai ƙazanta ta taso ta bi gidaje, ta fi zama a gindin ɗakin Inna 'Yardada, wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda ba ta da kowa sai ɗakin nan na ƙasa. Bangon ya jiƙe ya kumbura, kowa ya san in aka ƙara damina ɗaya a haka zai kwanta. Baba Isiyaku, shugaban ƙungiyar lungu, ya yi shekara biyu yana sintiri ofis-ofis har takalminsa ya cinye. Daga ƙarshe aka ce ranar Talata wata injiniya za ta zagayo. Kowane lungu aiki ɗaya za a yi masa, kuma minti goma za ta tsaya.

Baba Isiyaku ya yi niyyar ya yi maganar da bakinsa. Malam Nata'ala ya dafe ƙirji.

"Haba Baba! Manyan mutane as well as jami'an gwamnati ba a yi musu Hausa zalla. Raini ne as well as ƙauyanci. Ni na zauna da su a Abuja, na san yadda ake shiga kunnensu."

Ya ɗaga katin wuyansa, wanda rana ta cinye rubutunsa tun bara. Dattawa suka kalli kati, suka kalli juna, suka sallama masa. Baba Isiyaku ya riƙe hannunsa ya ce, "Don Allah Nata'ala, lambatu. Shi kaɗai." Malam ya yi murmushin manya.

Ranar Talata tun da hantsi Darakta ya fito duba wurin taro, sai hancinsa ya gaya masa gaskiya. Subhanallahi! A ce baƙuwa ta gari ta zo ta tarar da wannan abin kunya? Ai ba a nuna wa baƙo tsiraicin gida. Nan da nan ya sa aka jero tsofaffin kwanukan rufi aka rufe lambatun ruf, aka shimfiɗa tabarmi a kai, aka aro kasko huɗu na turaren wuta daga gidan wata amarya. Kafin azahar lungun ya koma ƙamshi kamar ɗakin biki. Ko mu da aka haifa a nan sai da muka yi ta neman inda lambatun yake.

Injiniya Bahijja ta iso da takarda ɗaya a hannu. 'Yar Ƙofar Dawanau ce, ta durƙusa ta gaida dattawa da Hausar Kano tsantsa, har da "Baba ya ƙarfin jiki." Wannan bai karya wa Malam gwiwa ba. Ya karɓe lasifika, ya baza babbar riga, ya yi gyaran murya sau uku.

"Ranki ya daɗe Injiniya, as well as direbanki, as well as wanda ya riƙo miki lema. Shugaban ƙungiya as well as mataimakinsa as well as mataimakin mataimakinsa wanda ya tafi Dawanau sayen gero. Limaminmu as well as ladaninmu. Iyayenmu mata da ke leƙe ta bayan ƙyaure, as well as waɗanda ba su samu wurin leƙe ba..."

Minti bakwai cur ya yi yana gaisuwa. Ya gaida rayayyu, ya yi wa matattu addu'a, har mai gyaran rediyon da ya tashi daga lungun shekara shida da suka wuce sai da ya samu rabonsa. Baba Isiyaku yana ta jan gefen rigarsa yana raɗa masa, "Lambatu, lambatu." Malam ya ji sarai. Amma ina mutum mai kati zai buɗe buƙata da kalma mai wari irin wannan? Sai an fara da manya, a sauko a hankali.

"Muna buƙatar asibiti as well as fitilun titi as well as gadar sama as well as filin ƙwallo as well as reshen jami'a, ko da ƙarami ne."

Injiniya ta dubi lungun da ko kura biyu ta masu ruwa ba sa iya giftawa a cikinsa, ta dubi agogo. Ta ce, "Malam, layi ɗaya ne a takardata. Wanne ne ya fi damun ku?"

Inna 'Yardada ta leƙo ta bayan ƙyaure, hannunta a ƙirji. Shi kuwa Malam, a daidai wannan lokacin wani abu ya soki zuciyarsa: baiwar Allah nan ta ce masa "Malam" kawai. Ba Darakta, ba Kakaki. Ashe har za ta zo ta tafi ba ta san da wa ta yi magana ba!

"Abin da ya fi gaggawa, ranki ya daɗe, shi ne allon ƙarfe mai ɗauke da sunan ƙungiya as well as hoton kakakinta, as well as..."

Mu yi masa adalci, ya rantse daga baya cewa lambatu ne zai biyo. Sai dai layin takarda ya riga ya cika, direba ya danna ham, Injiniya ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne," ta shige mota. Baba Isiyaku ya manta da girma ya bi motar da gudu yana ihun lambatu, amma muryarsa ba ta fita ba, domin Malam yana kan lasifika yana jawabin godiya.

Bayan mako uku allo ya iso. Kai, allo ya yi kyau! Faɗinsa ya kai ƙyauren gareji, ga Malam a tsakiya da tabarau yana kallon nesa kamar mai hango Abuja. Aka kafa shi a bakin lungu. Ba wanda ya ƙara amsa sallamar Malam da daɗin rai, shi kuwa ya ce hassada ce. Kullum da safe sai ya goge hoton da hannun riga kafin ya wuce shago.

Ranar wata Alhamis bayan azahar hadari ya haɗo, aka tafka ruwa na awa biyu. Lambatu ya yi amai, ya yi awon gaba da kwanukan da aka manta a kansa, ya ci bakinsa ya zama kogi. Bangon Inna 'Yardada ya kwanta. Allah Ya sa tana maƙwabta. Ta tsaya tana kallon tukwanen daddawarta suna iyo, kuma wallahi duk wanda ya ga fuskarta sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ga la'asar ta yi, masallaci yana tsallake, ga kayan tsohuwa ana son a ƙetarar. Aka nemi katako aka rasa. Sai Lawal mai shayi ya ɗaga kai ya dubi bakin lungu, sauran maza suka bi idonsa. Ba wanda ya yi shawara da wani. Aka girgiza allo aka tumɓuke, aka gicciya shi a kan lambatu, hoto yana kallon sama. Ya zauna daram kamar an auna.

Liman ya fara takawa, ladan ya bi, sai jama'a. Ko da Malam ya iso da lemarsa, ya tarar da sawun taɓo a hoton tun daga haɓarsa har tabarau. Ya tsaya a bakin ruwa, ya ɗaga ƙafa ya mayar, ya sake ɗagawa ya mayar. An ta da iƙama, ga layi ya taru a bayansa.

Inna 'Yardada ce a gaba, da ƙullin tsummokaranta a ka. Ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Taka mana, ɗan nan, kowa ma ya taka. Ai tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa amfanar lungun nan kamar yau ba."