Ranar Da Na Share Wa Maza Filin Tsere

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a bakin ruwan ƙauyenmu ba, ko da na tsufa har sai an daka mini goro kafin in ci. Ranar na fita da niyyar taimako, na ƙare ina neman ramin da zan shige.

Maigidana, Baban Walida, bakaniken babur ne a Yelwa. Mutum ne mai sanyi, ko kaza ba ya kora da ƙarfi, amma da ya hau mashin sai ka rantse wani aka musanya. Shi da abokansa, yawancinsu 'yan kabu-kabu, duk Juma'a bayan La'asar sai su cire wa mashinansu madubi da salansar rage ƙara su tafi tsere. Ba kofi ba kyauta. Wanda ya zo na ɗaya dai za a yi ta ce masa "Oga" har wata Juma'ar, shi ke nan abin da ake sayar da rai a kansa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Lokacin Walida na rarrafe, idan ta yi atishawa biyu a jere na fara neman mayafi zuwa asibiti. Tsakar gidana ko tsinke ba ya wuni, don kada ta tsinta ta kai baki. To ku auna halin da nake shiga duk sanda na ji ƙarar mashinan nan sun bar ƙofar gida.

Sai mai filin da suke tsere a ciki ya tashi noma abinsa, aka shiga neman sabon wuri. A zaurenmu ake zaman shawarar. Ni kuma ina bayan katanga ina tsintar shinkafa (shinkafar nan ta sha tsinta, har wadda ba ta da tsakuwa sai da na sake bi).

Haladu, wani dogo mai baki ɗan Shanga, shi ke fara magana kullum. "Hanyarmu ita ce hanya! Miƙaƙƙiya, jar ƙasa mai tauri. Ka murɗe totur har sai mashin ya roƙe ka gafara."

"Da shanu masu tsallakawa, da motocin shinkafa?" in ji Yakubu, abokinsu na wajen Ngaski, mai magana a hankali. "Ku zo filin ƙwallonmu. Zagaye ne, kowa na ganin kowa."

"Wannan faifan? Kafin ka sa giya ta uku ka dawo inda ka tashi. Ni ba jakin sussuka ba ne, Yakubu."

Baban Walida ya ce shi bakin ruwa ya fi kwanta masa, wajen ƙauyen su Inna, mahaifiyata. Idan ruwa ya ja baya yakan bar fili shimfiɗe, ba mota ba saniya.

"Wurin surukanka dai kake so a gan ka," in ji Haladu. "Can duk duwatsu ne da kututture. Wa zai kai tayarsa?"

Suka tsayar da cewa za a gwada kowane wuri, sannan a zaɓa.

Aka fara da Shanga. Mutumina ya dawo gwiwar hannu a ɗaye, wando a yage, amma ido na ƙyalli kamar yaron da aka saya wa kayan Sallah. Ina shafa masa magani yana ba ni labarin yadda ya wuce wata motar buhuna "da ɗan wannan", yana nuna mini tsakanin yatsunsa. Na dubi Walida, na dubi yatsun nan, abinci ya fita raina. Aka je Ngaski, suka dawo suna tsaki, wai jiri kawai suka kwaso. Na gane filin Yakubu ya faɗi. Saura bakin ruwa. Idan shi ma bai yi musu ba, to hanyar Shanga ce, ni kuma na shiga zaman jiran wanda zai yi sallama da mugun labari duk Juma'a.

Maganar Haladu ta tsaya mini: duwatsu da kututture. Na ce a raina, in dai wannan ne aibin wurin, ai shara sana'ata ce.

Ranar Alhamis na nemi izinin maigida zan je gaida Inna in kwana. Ya ce ya yi daidai, gobe sai in ga yadda zai ba Haladu ƙura. Da hantsin Juma'a na goya Walida, na ɗauki tsohon kwando, na ce wa Inna zan je duba kifi. Na gangara filin.

Abin da na tarar ya ɗaga mini hankali. Duwatsu tuli-tuli, an ɗora wani kan wani. Sanduna a kafe da ledoji a ɗaure. Yankakkun tayoyi nan da can. Na ce lallai Haladu bai yi ƙarya ba, wannan ai tarko ne. Kuma ni mai lura ce, kada ku ce ban lura ba. Na lura tulin duwatsun a jere suke, suna lanƙwasa kamar bakin ƙwarya. Na lura ledojin duk ja ne. Har na lura akwai sabon sawun taya a gefensu. Na haɗa wannan duka a kaina, na yanke hukuncin cewa yaran ƙauyenmu sun iya wasa mai tsari. (Ban yi nisa a makaranta ba, amma wannan kam ba laifin makaranta ba ne.)

Na sunkuya. Na tuge sanduna, na kwashe duwatsu kwando-kwando na zuba a wani kwari, na ja tayoyi na jibge bayan wani tsohon kwalekwale. Walida na baya tana ja mini ɗankwali. Gwaggo Tumba, wata tsohuwa mai bandar kifi a gefen filin, ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, ɗiyata!" Na amsa da fara'a. Kafin Azahar fili ya yi fes, ko jariri ka ajiye ba abin da zai tsinta. Na tsaya na kalle shi ina jin kaina kamar wadda ta gina asibiti.

Bayan La'asar mashina suka iso da ƙara, ƙauye ya fito. Mu mata muka tsaya wajen bandar Gwaggo Tumba. Daga inda suka ja layi ba a hango kwanar sosai, kuma ba wanda ya tsaya dubawa, tunda kowa na ɗokin nuna kansa. Aka ɗaga hula, suka tashi.

Baban Walida ne a gaba. Wallahi har na fara jin daɗi, ina taɓa ta kusa da ni ina cewa, "Mai jar rigar nan." Sai na ga yana waige-waige, dama da hagu, kamar wanda ya ɓatar da akuya a kasuwa. Bai karya kwana ba. Ya miƙe sak ya nufi wajen ruwa.

A nan abin ya faɗo mini. Ni 'yar masunta ce, na san ƙasar nan: sama ta bushe ta tsattsage, ƙasa kuwa taɓo ne har gwiwa. Duwatsun nan da jajayen ledoji su ne iyakar inda ƙasa ke da tauri. Daga baya na ji mazan ne suka zo ranar Alhamis da yamma ina cikin gida, suna soka sanda suna gwadawa, suka jera su.

Tayar gaba ta nutse, mashin ya tsaya cak, mutumina ya wuce ta sama ya faɗa taɓo da fuska. Haladu da ke binsa ya bi sahu. Na uku ma haka. Yakubu kaɗai ya taka birki, don shi dama bai taɓa gaggawar komai ba.

Ban san sanda na ƙwala ihu na kira sunansa na yanka ba, sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kai ni ɗakinsa. A gaban Inna. A gaban duk ƙauye. Na ɗauka kunyar ranar ke nan, ashe wannan ɗanɗano ne.

Aka jawo su, kowa baƙi ƙirin, ido da haƙora kawai ake gani. Kafin a gama jawo mashinan rigima ta tashi.

"Wa ya kwashe alamun?" Baban Walida ya tambaya yana tofar da laka. Wani daga cikin 'yan Yelwa ya nuna Haladu: "Wa ke son a koma Shanga in ba shi ba?"

"Ni?" in ji Haladu. "In cire alama in kuma bi ka cikin taɓo? Ka ga na yi kama da mai wayon haka?"

Murya ta fara hawa, har an fara cin kwala. Ni ina raɓe bayan Inna, ina addu'ar a yi ta zargin aljanu. Sai ga Gwaggo Tumba ta ratsa tsakiyarsu da sandarta.

"Kai, ku yi shiru, marasa godiya! Kun zo kuna ta hwaɗa, ba wanda ya ce wa yarinyar ga sannu. Tun hantsi take nan da goyo a baya, ita ɗai, tana kwashe muku duwatsu da itace. Ni da idona na gani. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata! Ina kike? Taho su gan ki!"

Ta kamo hannuna ta jawo ni gaba.

Baban Walida ya share laka daga idonsa ya dube ni.

"Ke?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tuntuɓe nake gudar maka."

Yakubu ne ya fara. Ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Sai Haladu, sai kowa, har Inna na ga kafaɗarta na rawa cikin mayafi. Gwaggo Tumba kaɗai ke juyawa tana tambaya, "Mi anka yi? Mi na ce?"

Na tabbata na kashe bakin ruwa da hannuna, na miƙa mijina ga motocin shinkafa. Hawaye suka cika mini ido. Amma da dariya ta lafa, Haladu ya miƙa hannu, ya lanƙwasa ƙafa, ya juya wuya.

"Ku tsaya," ya ce. "Da a hanyarmu munka yi wannan faɗuwar, da yanzu muna gidan maɗori, in ma an yi sa'a. Nan kuwa ko ƙwarzane babu." Ya dubi Baban Walida. "Na yarda da bakin ruwa, har ruwa ya dawo. Amma da sharaɗi: ranar Juma'a ka ɓoye wa amarya kwando."

Haka aka zaɓa. Ni na nuna musu kwarin da na zuba duwatsun, suna kwasowa suna ce mini "Injiniya". A hanyar gida mutumina bai yi faɗa ba. Ya dai ce, a hankali, "Ashe kin san sunana."

Yanzu can suke tserensu. Ina zama wajen banda da Walida a cinya, fargabata na nan kamar da, amma aƙalla ina ganinsa da idona, kuma mafi munin abin da yake kawo mini gida wanki ne. Abin da na koya kuwa: idan na ga maza sun tara tarkace wuri ɗaya, komai muninsa, sai na tambaya kafin in taɓa. Idan kuma zan yi aikin alheri a ɓoye, zan fara duba ko akwai tsohuwa mai yawan sa albarka a kusa.