Ranar da na karɓi auren baƙo

Abin da Sulemana tela ya yi mini, har ƙasa ta rufe idona ba zan manta ba. Shi ya raba ni da wayata, ya jefa ni cikin kunyar da har yau in na ratsa unguwar Aboabo sai na sunkuyar da kai.

Gaskiya wayar ta ci ni. Ni mai walda ne, amma sai ƙarfe ya huce ina kallon bidiyon mutanen da ban sani ba suna faɗa. Abinci, ina latsawa. Matata na magana, ina "uhm". Sulemana, aminina tun makarantar allo, ya ce, "Ɗan'uwa, kai fa ba ka cikinmu. Kawo ta in ajiye maka zuwa bayan bikin ɗanka. Ka ɗaga kai ka kalli mutane." Na ba shi, ya kulle a durowar keken ɗinkinsa.

Ɗan Awudu ƙanena ne zai yi aure, ni ne waliyyin yaron. Lahadi da safe na sa babbar riga, na taka zuwa Aboabo, layin da aka ce mini. Ga rumfa, ga kujerun roba, ga goro a tire. (Kun san Zango ranar Lahadi, kowane lungu da rumfarsa.) Na wuce gaba na zauna kusa da liman.

Na ɗaga kai kamar yadda aka ce. Na kalli dama, na kalli hagu, ban san kowa ba. Wani mai hankali zai tashi ya tambaya. Ni kuwa tausayin kaina ya kama ni. Na ce a raina, wato haka waya ta yi da ni, dangina sun canza kama ban sani ba? Wani tsoho ya miƙo hannu, na riƙe na ce, "Kawu, ka tsufa." Ya ce, "Alhamdulillahi," yana kallona.

Liman ya ce, "Ina waliyyin ango?"

Na gyara murya. "Ga ni."

Wani mai jar hula a gefena ma ya ce ga shi, amma na fi shi murya. Liman ya tambaya ko mun karɓa. Na ce mun karɓa, da ƙarfi, har da dafa ƙirji. Sai mai jar hular ya taɓa gwiwata.

"Malam, kai wa ke nan?"

"Yayan uban ango."

"Ni ne uban ango. Ba ni da yaya."

Sai wata dariya ta tashi daga bayan rumfa inda mata suke. Liman ya ce a sake daga farko. Ni dai na tashi, takalmina ma ƙafa ɗaya na wani na sa.

Ashe an mayar da namu ɗaurin auren unguwar Ayigya tun ranar Asabar, an sanar a gurup ɗin dangi na waya. Kafin trotro, motar hayarmu, ya kai ni, an shafa fatiha. Wani maƙwabci ne ya tsaya wa yaron. Awudu ya ce, "Yaya, ko ba ka son auren ne?"

Abin da na koya, ɗaga kai bai isa ba, sai ka buɗe baki ka tambaya.

Washegari na je shagon Sulemana. Na ce ya san an canza wuri? Ya ce ya sani mana, ai shi ya ɗinka kayan ango.

"Don me ba ka gaya mini ba?"

"Haba ɗan'uwa, ai na tura maka saƙo."

Na ce, "Sulemana, wayar tana cikin durowarka, a gefen gwiwarka ta yi ƙara. Gidana da shagonka taku nawa ne? Buɗe ka ba ni tawa, ka sa taka a ciki. Kai ka fi ni ciwon."