Rasuwar Jan Baki da Fetur, da Sunan Wanda Ya Kashe Shi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, Lonnie Pacheco na ɗaki na goma sha ɗaya yake sanar da mazauna wannan gida, da duk mai rataya jita a Hollywood, rasuwar faifan garmahonsa, Jan Baki da Fetur, na mawaƙiya kuma makaɗiyar jita Darla Voss. Ya rasu ranar Talata, bakwai ga Yuni, 1988, da safiyar da iskar teku ta shigo gari da laima, irin wadda ke kwantar da gashin kowa.

Marigayin mai haƙuri ne. Kafin ya buɗe baki sai ya ɗan yi kaki, ƙarr, tas, sannan Darla ta kwarma ihun nan, jitarta ta biyo baya kamar ana yanka ƙarfe da zarto. Lonnie ya bar makaranta yana ɗan shekara sha shida, ya bar wankin mota, ya bar kai abinci gidaje, ya bar garejin mahaifinsa ana tsaka da aiki. Ba abin da ya taɓa zaunar da shi wuri guda sai wannan faifai. Yakan ɗora babban yatsa a gefensa ya rage masa gudu, ya kama sauti ɗaya, ya ɗaga allura ya mayar baya, sau talatin, sau arba'in. Marigayin bai taɓa ƙorafi ba. Haka suka yi wata biyu a kan dogon kiɗan jitar da ke cikin waƙa ta huɗu, domin shi wata ƙungiyar makaɗa ta ce Lonnie ya kaɗa ranar Juma'a in yana son gurbin makaɗinsu. Sun kai rabi.

Ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Dale Hruska, abokin Lonnie tun suna 'yan shekara tara, wanda suke ɗaki ɗaya kuma yake kiran kansa mawaƙi, ya tashi ya ga gashinsa ya ƙi tsayawa. Ya tsaya gaban madubi, dab da inda marigayin yake kwance a kan garmaho, ya fesa gwangwani guda na man tsayar da gashi, ya buɗe na biyu. Abin da bai sauka a kansa ba ya sauka a kan marigayin. Da ya taɓa marigayin ya ji danƙo, sai ya ɗauko auduga da ruwan da yake goge jan farcensa da shi, ya murje fuska ta farko, ya juya ta biyu ya murje. Layukan da allura ke bi suka narke.

Lonnie ya dawo ya ɗora allura. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce: shhhhh.

“Haba mutumina, taimakonka na yi,” in ji Dale. “Duba yadda yake ƙyalli!”

“Ƙyalli zan kaɗa musu ranar Juma'a?”

“To ka sayi wani mana. Kai ma sai ka ce uwarka ce ta mutu.”

Dale ya sani sarai kwafi ɗari biyar kawai aka buga, kamfanin da ya buga su kuma ya rufe. Lonnie ya zaga shago goma sha huɗu a kwana biyu, bai samu ko ɗaya ba. Ranar Juma'a ya je, ya kaɗa rabinsa tsaf, ya tsaya cak. Mai ganga ya ce, “Shi ke nan?” Aka kira na gaba.

Marigayin ya bar allura ɗaya wadda har yanzu ba ta san abin da ya faru ba, da kwalinsa mai sa hannun Darla, da jita ɗaya da ke jingine tana fuskantar bango. Ya kuma bar mai gidan nan, Madam Ohanian, wadda ta ce, “Kai yaro, yau na fara jin rediyona.” An karɓi ta'aziyyarta yadda ta zo.

Za a yi jana'iza gobe Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma, a gindin bishiyar lemo da ke bayan wurin ajiye motoci. A zo da baƙaƙen kaya, da gashi a kwance. Wanda ya zo da gwangwanin feshi zai koma da shi a inda bai so ba. Ba a gayyaci Dale Hruska ba. Kayansa suna kan matakala, madubin yana saman kayan, an canja kwaɗon ƙofa.

Abin da aka rasa: faifai ɗaya, waƙa tara, rabin kiɗa, gurbi ɗaya a ƙungiya, da aboki ɗaya na shekara goma sha uku. A kan na ƙarshen ba a karɓar gaisuwa.